Yadda Al'umma Za Ta Ba Hukumar Ilimi Shawarar Da Za A Yi Aiki Da Ita

Babu ƙaramar hukumar da za ka shiga a Arewacin Najeriya ka rasa masu magana a kan lalacewar makarantun gwamnati. Ana yin maganar a majalisa bayan sallar isha'i, ana yin ta a wurin suna da zaman makoki, ana kuma buga waya a faɗe ta a shirye-shiryen rediyo. Abin da ya yi ƙaranci shi ne maganar da ta isa teburin wanda ke da ikon sa hannu, a rubuce, da hujja, a kuma lokacin da ake tsara yadda za a kashe kuɗi. Wannan bayani na iyaye ne da masu unguwanni da tsofaffin ɗalibai da malaman addini da ƙungiyoyin mata, waɗanda ke son shawararsu ta wuce ƙorafi ta zama aikin da za a gani a cikin aji.

Sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa

Shawarwari da yawa suna mutuwa ne saboda an kai su ofishin da ba shi da hurumi a kansu. Saboda haka kafin a kira taro, ya kamata mutum biyu ko uku su zauna su fahimci yadda aka raba aikin ilimin matakin farko.

A ranar 30 ga Satumba, 1999, Shugaba Olusegun Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin matakin farko ga kowa, wato UBE, a Sakkwato, sannan dokar da aka yi a 2004 ta wajabta wa gwamnati ta ba kowane yaro ilimin shekara tara kyauta, wato shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare. Dokar ta ware kashi biyu cikin ɗari na babban asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin wannan aiki, ta hannun UBEC, hukumar tarayya mai kula da shirin da ke Abuja. To amma jiha ba ta iya ɗaukar kasonta na gine-gine da kayan aiki sai ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta, shi ya sa a kai a kai ake jin rahoton biliyoyin nairori suna zaune a Abuja ba a karɓa ba, alhali yara na zaune a ƙasa. Wannan tambaya ce da al'umma ke da haƙƙin yi wa ɗan majalisarta na jiha: shin jiharmu ta biya nata kason na bana?

A jiha akwai hukumar ilimin matakin farko ta jiha, wato SUBEB, wadda galibi ita ke ba da kwangilar gina azuzuwa da sayen kujeru da ɗaukar malamai. A ƙaramar hukuma kuma akwai ofishin ilimi ƙarƙashin Sakataren Ilimi, wanda ke lura da makarantu yau da kullum, yana tura jami'ai masu duba aiki, yana kuma da ta cewa a kan rarraba malamai tsakanin makarantu. Babbar sakandare kuwa tana hannun ma'aikatar ilimi ko hukumar makarantun sakandare ta jiha. Idan aka riƙe wannan, ba za a je wa hedimasta da maganar sabon bulo na azuzuwa ba, tunda ba shi da ko sisin yin hakan, ba kuma za a kai wa gwamna ƙarar malamin da ke makara ba, tunda Sakataren Ilimi zai iya magance ta a cikin mako guda.

Gyara kwamitin kafin a yi magana da sunansa

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar ƙungiya ba. Tun tsakiyar shekarun 2000 Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta kafa kwamitin gudanarwa na al'umma, wanda aka fi sani da SBMC. Ya bambanta da ƙungiyar iyaye da malamai, domin ya haɗa har da waɗanda ba su da ɗa a makarantar: wakilin sarauta, malaman addini, tsofaffin ɗalibai, masu sana'a, matasa, mata, wakilan malamai da na ɗalibai, hedimasta kuma shi ne sakatare. Shirin tallafa wa ilimi na ESSPIN da gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 ya horar da irin waɗannan kwamitoci a Kano da Jigawa da Kaduna da Kwara da Legas da Inugu, don haka a garuruwa da dama akwai mutanen da suka taɓa samun horon, sai dai a neme su.

Matsalar ita ce a wurare da yawa kwamitin yana kan takarda ne kawai. Hedimasta ya rubuta sunayen mutanen da ya san ba za su dame shi ba, wasunsu ma ba su san an sa su ba, wasu kuma sun rasu ba a maye gurbinsu ba. Matakin farko shi ne a nemi jerin sunayen cikin ladabi, a karanta shi a bainar jama'a, sannan a roƙi dagaci ko mai unguwa ya kira taron gari domin a sabunta shi.

A nan akwai darasin da ya dace a ɗauka daga maƙwabta. A Jamhuriyar Nijar, wani shiri da hukumar JICA ta ƙasar Japan ta tallafa, wanda aka fara a jihar Tahoua a 2004, ya sa ana zaɓen shugabannin kwamitin makaranta ta hanyar jefa ƙuri'a a asirce, daga baya kuma tsarin ya bazu a faɗin ƙasar. Hikimar abin a fili take ga duk wanda ya san zaman ƙauye. Idan aka ce a ɗaga hannu a gaban maigari, babu mai iya ƙin ɗan'uwan maigari ko da kowa ya san ba zai taɓa leƙa makarantar ba. Idan kuwa aka ajiye ƙwarya a bayan zana kowa ya shiga shi kaɗai, sai wanda mutane suka amince da riƙon amanarsa ya fito ba tare da an ci fuskar kowa ba. A ganina basarake ya fi amfani a matsayin uba mai kiran taro da raka wakilai zuwa ofis, a bar shugabancin aikin yau da kullum ga wanda ke da lokacin zirga-zirga.

Batun mata yana buƙatar kulawa ta daban. Sanya sunan mace biyu a jeri ba ya nufin an ji daga mata, domin a taron da dattawa suka cika, da wuya matar aure ta miƙe ta ce 'yarta ta daina zuwa makaranta ne saboda babu makewayi mai ƙofa. A shirya wa mata nasu zaman a cikin gida ko a makarantar Islamiyya, wata mai ilimi a cikinsu ta rubuta abin da aka faɗa, wakiliyarsu ta kawo shi gaban kwamiti a karanta kamar yadda aka rubuta. Haka za a yi wa yara, a zauna da su ba a gaban malamansu ba. Kada kuma a manta da rugagen Fulani da ke gefen gari, da iyayen yara masu buƙata ta musamman, da mabiya kowane addini a inda jama'a ke gauraye.

A ƙirga kafin a yi magana

Wannan shi ne sashen da ya fi cin lokaci, shi ne kuma ke bambanta shawara da surutu. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma jami'in da ke da makarantu fiye da ɗari a ƙarƙashinsa ba zai iya aiki da kalmar "ta lalace" ba, tunda kowa ma haka yake faɗa masa. Abin da zai iya ɗauka ya kai gaba shi ne adadi.

A sanar da hedimasta cewa kwamiti zai riƙa kawo ziyara a cikin zangon, ba tare da an faɗi ranar ba. Mutum biyu su je da littafin rubutu, da safe bayan an shiga aji. Su duba rijistar kowane aji su rubuta adadin da ke ciki, maza daban mata daban, sannan su ƙirga kawunan da ke zaune a ranar. Su sake komawa ranar kasuwa, da ranar Juma'a, da kuma bayan an dawo daga tara, domin a makarantu da yawa aji kan ragu sosai bayan hutun karin kumallo, yara mata sun tafi talla, maza sun bi iyayensu gona. Idan aka maimaita wannan a damina da kuma lokacin kaka, za a ga ainihin lokacin da makarantar ke asarar ɗalibanta.

Sai kuma malamai. A nemi sunayen waɗanda aka turo makarantar a hukumance, a gwada da waɗanda aka tarar a cikin aji. A rubuta mutum nawa ne ke da shaidar NCE, wadda ita ce mafi ƙanƙantar takardar koyarwa da gwamnati ta amince da ita, a kuma lura ko akwai mai koyar da lissafi da Turanci da Hausa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce a firamare malami ɗaya ya riƙe ɗalibai 35. Ke nan makarantar da ke da ɗalibai 700 tana buƙatar malamai 20, kuma idan shida aka tarar, kowa zai iya lissafa gibin da kansa. Sau da yawa idan aka haɗa alƙaluman makarantu da dama za a ga cewa ba rashin malamai ne kawai ke damun ƙaramar hukumar ba, har da cunkushe su a makarantun cikin gari da na bakin titi, aka bar na lungu da hedimasta da mutum ɗaya ko biyu.

Bayan haka a zagaya harabar: azuzuwa nawa ne ke da rufi, nawa iska ta yaye kwanonsu, benci nawa ne ke zaunuwa, makewayi nawa ke aiki kuma ko na mata a ware yake, daga ina yara ke shan ruwa, ko akwai wanda ya ci filin makaranta da gini ko noma. A ɗauki hotuna da waya, amma na gini da kaya, kada a riƙa yaɗa fuskokin yara.

Akwai ƙidaya guda da aka fi mantawa da ita, alhali ta fi sauran muhimmanci, ita ce ko yaran suna iya karatu. Ba ta buƙatar ƙwararre. A rubuta haruffa biyar a takarda, da kalmomi biyar masu sauƙi kamar "gida" da "ruwa" da "kaza", da kuma ɗan gajeren labari mai jimla huɗu da Hausa. A zauna a inuwa da yaran aji huɗu, a kira su ɗaya bayan ɗaya, da sakin fuska, ba bulala ba tsawa. Za ka ga yaro ya ɗora yatsa a kan kalma yana motsa baki, ya ɗago ya dube ka, ya sake sunkuyawa, sa'an nan ya faɗi abin da ya ji na gabansa ya faɗa. A rubuta inda kowane yaro ya tsaya: a harafi, a kalma, ko ya karanta labarin duka. A yi irin wannan da lissafin tarawa da ɗebewa. Iyaye da yawa ba su taɓa sanin cewa ɗansu ya shekara huɗu yana zuwa makaranta bai iya haɗa baƙi da wasali ba, domin kullum yana dawowa da littafi cike da rubutun da ya kwafa daga allo. Kwamitin da ya nemi katanga da fenti kawai ya bar wannan, ya bar abin da aka kafa makarantar dominsa.

Kasa buƙatu gida uku

Idan aka tattara bayanai, a sake kiran taron gari a karanta su, sannan a kasa buƙatun gida uku. Na farko, abin da al'umma za ta yi da kanta: gayyar share harabar makaranta, gyaran bencin da kafinta zai iya bugawa, bi gida gida don dawo da yaran da suka daina zuwa, daidaita lokacin Islamiyya da na boko, samar wa malamin da aka turo daga nesa ɗakin kwana. Na biyu, abin da ofishin ilimi zai iya yi ba tare da sabon kuɗi ba, kamar sake rarraba malamai, turo mai duba aiki a kai a kai, da fito da littattafan da ke jibge a sito. Na uku, abin da sai ya shiga kasafin kuɗi: sababbin azuzuwa, rijiyar burtsatse, katanga, ɗaukar malamai.

Daga kashi na biyu da na uku a zaɓi abu uku kawai a sa a gaba. Takardar da ke ɗauke da buƙatu ashirin tana ba jami'i damar ya zaɓi mafi sauƙi ya yi, ya ce ya amsa kira. A wuraren da ke fama da 'yan bindiga, bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020 da Jangebe a Fabrairun 2021 da Kuriga a Maris na 2024, dole tsaro ya shiga cikin ukun, kuma maganarsa ta haɗa da wanda za a kira idan an ga baƙuwar fuska da inda yara za su nufa, ba katanga kaɗai ba.

Ya fi ƙarfi idan kwamitocin makarantun mazaɓa guda suka haɗa bayanansu a takarda ɗaya. Makaranta ɗaya za a iya ce mata ta yi haƙuri, amma makarantu goma da suka zo da alƙaluma iri ɗaya, dagatai da limamai da shugabannin mata sun sa hannu, sun zama magana a kan yadda ake tafiyar da ilimin ƙaramar hukumar baki ɗaya.

Rubutawa da miƙawa

Kada takardar ta wuce shafi biyu. A fara da su wane ne suka rubuta, sai abin da aka gani da ranar da aka gan shi, sai abin da al'umma ta riga ta yi da kanta, sai buƙatu ukun, kowace da ofishin da ake nema ya yi ta da lokacin da ake fata. Maimakon a rubuta "muna roƙon a taimaka mana da malamai", a rubuta cewa makarantar tana da ɗalibai kaza da malamai kaza, babu mai koyar da lissafi a aji huɗu zuwa shida, ana roƙon a turo mutum biyu kafin a koma zango na biyu. Za a iya rubutawa da Hausa a haɗa da fassarar Turanci saboda fayil ɗin ofis.

A yi kwafi biyu a kai ofishin Sakataren Ilimi, a roƙi akawu ya buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan wanda za a dawo da shi. A aika kwafi ga shugaban ƙaramar hukuma da kansila da hakimi da ɗan majalisar jiha, da sashen wayar da kan jama'a na SUBEB, wanda shi ke hulɗa da kwamitocin makarantu. Lokaci ma yana da muhimmanci. Gwamnoni kan gabatar da kasafin kuɗi ga majalisa a watannin ƙarshe na shekara, ma'aikatu kuwa suna haɗa nasu tun kafin nan, don haka buƙatar gini da ta isa a Janairu ta makara da shekara guda. A miƙa ta tun tsakiyar shekara, a kuma halarci taron jin ra'ayin jama'a kan kasafin kuɗi a jihohin da ake yin sa, a karanta takardar a can.

Ranar ganawa, mutum biyar sun isa, cikinsu har da mace da hedimasta. Bayan gaisuwa, mai magana ya tafi kai tsaye: "Ranka ya daɗe, ba ƙara muka kawo ba. Ga abin da muka ƙirga, ga abin da muka yi da hannunmu, ga kuma abu uku da suka fi ƙarfinmu. Wanne ne a ciki yake hannunka, wanne kuma za ka taya mu kai wa gaba?" Idan aka ce za a duba, a yi godiya, sannan a tambaya cikin girmamawa wace rana za a dawo jin amsa, a rubuta ranar a gabansa. Idan ana neman wani bayani kamar sunan ɗan kwangilar da ya bar gini a rabi, ko adadin malaman da ke karɓar albashi da sunan makarantar, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar nema a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana bakwai ta amsa.

Kuɗi, malamai da siyasa

Wasu shirye-shirye suna tura kuɗi kai tsaye zuwa asusun kwamitin makaranta. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 aka fara shi a jihohi bakwai da suka haɗa da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, yana daga cikinsu, UBEC ma tana da nata. Babu abin da ke rusa kwamiti da sauri kamar kuɗin da aka kashe a ɓoye. Duk abin da ya shigo a rubuta shi a manna a bangon ofishin hedimasta, a sanar a masallaci da coci, kada a cire ko naira sai da sa hannun mutum biyu ko uku, a ajiye rasiɗin kowane buhun siminti. Kwamitin da ba ya iya nuna nasa lissafin ba shi da bakin tambayar na hukuma.

Game da malamai, a yi hattara kada bincike ya koma farauta. Malamin da albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, yana hawa babur daga wani gari kullum, yana kuma riƙe da yara fiye da ɗari a aji guda, yana da nasa abin faɗa, kuma ya kamata buƙatunsa su shiga takardar. A 2017 gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa ta kuma sallami fiye da dubu ashirin da ɗaya, abin da ya jawo yajin aiki da zanga-zanga. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan wannan mataki, ya nuna irin tsadar da ake biya idan aka bar matsala ta taru shekara da shekaru ba mai magana a matakin makaranta. Malamin da ba ya zuwa aiki a fara yi masa magana a keɓe ta bakin hedimasta, sannan shugaban kwamiti, sai in abin ya faskara a rubuta wa ofis.

Siyasa kuma a ajiye ta a waje. Ɗan takarar da ya kawo kujeru a karɓa a gode masa, amma kada a bari taron kwamiti ya zama dandalin jam'iyya, domin ranar da mulki ya sauya hannu sai a rufe wa makarantar ƙofa.

A ƙarshen kowane zango a sake yin ƙidayar nan da takardar gwaji iri ɗaya, a gwada da ta baya, a rubuta wa Sakataren Ilimi abin da ya sauya da abin da ke nan yadda yake, a kuma ambaci sunan ofishin da ya cika alkawari a gaban jama'a. Ana yawan sauya sakatarori da hedimastoci, sabon da ya zo kuma zai ce bai san da maganar ba. Saboda haka a tanadi fayil guda mai ɗauke da dukan wasiƙu masu hatimi da bayanan taruka da sakamakon gwajin karatu, a yi masa kwafi biyu, ɗaya a ofishin hedimasta ɗaya a hannun shugaban kwamiti, a kai wa sabon jami'i a makon farko da ya kama aiki.